Mai Tsire da Matan Man Gyaɗa

Maigidana yana noman albasa a fadama, kuma injin ban ruwansa ba ya shan komai sai fetur. Da mai ya yi tsada a ranin nan, sai ya koma ba gonar ruwa rabi-rabi, har bakin ganyen ya fara ƙonewa. Ran nan da hantsi ya shigo da rediyo a hannu, ana gardama a ciki kan ko ya dace manyan ƙasashe su tura jiragen yaƙi su tilasta wa masu mai su sauke farashi. Ya ce shi kam a je a nuna musu ƙarfi, ko albasarsa ta samu ta sha. Ni ina gefe ina ɓarar gyaɗa, a raina ina son in sani: wai ana dukan mutum kaya ya yi araha? Gwaggo Yalwa, yayar mahaifinsa, tana kan tabarma tana tsinkar zogale. Ta ce ya rage rediyon, sannan ta ba shi wannan misali. Ga shi yadda na riƙe shi.

A wani gari an yi wani mai tsire da tukubarsa ta fi ta kowa. Sana'arsa a kan gyaɗa ta tsaya: da man yake shafa nama, da ƙuli-ƙulin yake haɗa yaji. Yana da 'ya'ya ƙarti, duk 'yan dambe, kamar yadda aka san gidan mahauta. Wata shekara ruwa ya ɗauke da wuri, gyaɗa ta yi wuya, matan da ke matsar mai a cikin gidaje suka ƙara kuɗin kwalba. Mai tsire ya ce raini ne. Ya tura 'ya'yansa suka tsare hanyar kasuwa, duk tsohuwar da ta ɗauko tallan mai sai su sauke mata, su biya ta kuɗin bara, ko tana so ko ba ta so. Kasuwa ta ci, mai ya yi araha, ta sake ci, ya yi araha. Masu ƙosai da masu waina suka yi ta sa masa albarka, shi kuma ya dinga tafiya yana buɗa hannu.

Abin da ya manta shi ne, ba a kan hanya ake yin mai ba. A bayan zaure ake yinsa, inda namiji baligi ba ya shiga, komai girman damtsensa. Matan suka duba itacen suya, suka duba wahalar daka da juya tunkuza har kafaɗa ta sage, suka ga aikin banza suke yi. Ba su yi taro ba, ba su yi wa kowa rashin kunya ba. Wannan ta kife turminta. Waccan ta sayar da gyaɗarta ɗanya ga fataken wani gari. Masu ƙarfin hali suka ci gaba da matsa kaɗan-kaɗan, suna miƙa wa maƙwabta ta kan katanga, kuma yanzu a cikin kuɗin kwalba har da ladan tsoro. 'Yan damben suka yi ta tsayuwa a rana suna gadin hanyar da ba mai bi. In suka dawo da yunwa, sai su faɗa wa naman ubansu. Da damina ta zo, manoma suka ga matan gari sun daina sayen gyaɗa, sai suka shuka gero a inda take. Daga nan fa ko da kuɗinka babu. Mai tsire ya koma yin hayar jaki zuwa kasuwa mai nisa, inda ba a san 'ya'yansa ba balle a ji tsoronsu, yana sayen man da tsadar da ta fi wadda ya ƙi, ga kuɗin jaki a kai. Ran da bai samu ba, ya gasa naman haka nan, ya fito a bushe kamar fatar ganga. Masu ƙosan da suka sa masa albarka su ne suka fara zaginsa, masu sayen tsire kuma suka koma tukubar wani.

Maigidana ya ce, "To Gwaggo, in da gangan matan suka haɗa baki suka tsawwala fa?" Na ɗaga kai kaɗan, don ni ma tambayar da ke cina ke nan.

Gwaggo ta karkaɗe zogalen da ke cinyarta. Ta ce, "Ko da hakan ne, ɗan nan, ai yana da uwa a gida. Da ya ba ta goro ta shiga wurinsu ta zauna, da an yi ciniki, kowa ya rage wani abu. Shi ya zaɓi ya aika dunƙule inda ƙafa ba ta shiga. Ni ban san teku ba, ban san jirgin yaƙi ba. Amma kafin ka roƙa wa albasarka irin wannan taimako, ka tuna abin da Hausawa suka ce: garin neman ƙiba, an samo rama."