Kati Biyu a Cikin Kwamfuta Ɗaya

Tunda ka ce jita-jitar sabon katin nan ta hana ka sukuni, gyara zama ka ji abin da ya sami wani mai gidan gem, wato shagon wasan kwamfuta.

Mutumin nan yana da ɗan shago a bakin titi da kwamfuta biyu, kowace da katin hotonta, wato ɗan allon nan na cikin kwamfuta da ke zana duk abin da ido ke gani a fuskarta. Ba wasu katunan kece raini ba ne, amma suna aiki lafiya lau. Duk shekara bayan sallah samarin unguwa kan yi gasar tseren mota a shagonsa, kuma shagon da ya karɓi gasar shi ke riƙe 'yan wasan unguwa har shekara ta zagayo. Ana nan sai wani ya buɗe irin wannan shago a tsallaken titi, daidai saitin ƙofarsa. Ba a jima ba magana ta fara yawo, wai sabon mai shagon ya yi odar wani kati mai ƙwaƙwalwa biyu, irin wanda ake raɗe-raɗin za a fitar. Ba wanda ya ga katin nan da idonsa. Wanda ya faɗa ma ya ji ne daga wanda ya ce ya gani a waya. Amma mai tsohon shagon, bawan Allah, ya ɗauki maganar ya sa a rai, har abinci ya daina shiga. Babur na tsayawa a tsallake sai ya leƙa ya ga ko kwali ake saukewa. Da samarin suka ce ranar Asabar za su gwada shagunan biyu su zaɓi inda za a yi gasar bana, sai tsoro ya gama kama shi. Ya shiga kasuwa rumfa-rumfa yana cigiyar katin, kowa ya ce ya ji labarinsa amma bai taɓa riƙe shi ba.

A hanyar komawa dabara ta faɗo masa. In dai ƙwaƙwalwa biyu ake taƙama da ita, ai shi ma yana da biyu, rabe suke kawai. Ya kwance kwamfuta ɗaya, ya zare katinta, ya cusa shi kusa da ɗan'uwansa a cikin ɗayar, ya haɗa su. Ya kunna gem, ya ƙura ido a kan 'yar lambar nan ta kusurwa mai nuna yawan hotunan da kwamfuta ke zanawa, ya ga ta haura. Daɗi ya rufe shi, bai ko zauna ya tuƙa motar ya ji yadda take a hannu ba. Abin da ya manta shi ne, kati biyu lugude suke yi kamar mata biyu a turmi ɗaya: wannan ya zana hoto, wancan ya zana na bayansa. In hannu ya zo daidai daka ta yi sauri, in ya saɓa sai taɓare su riƙa karo. Kuma ba kowane gem aka ƙera da sanin wannan luguden ba.

Asabar ta zo, samari suka cika shagonsa, suka tarar da kwamfuta ɗaya ce ke aiki, ɗayar tana gefe ciki a buɗe. Gwanin tuƙinsu ya zauna. A miƙaƙƙiyar hanya mota ta yi gudu kamar me, mai shago har ya fara washe baki. Ana zuwa kwana sai hoto ya ɗan cije, ya fizga, mota ta daki bango. Gwanin ya sake, ta sake cijewa. Fankokin kwamfuta suka kama ruri, zafi ya cika ɗaki, mai shago na tsaye gumi na bin bayansa, yana roƙon Allah a zuci ta kai ƙarshen tsere ko sau ɗaya ne. Ba ta kai ba. Fuskar kwamfuta ta yi baƙi ƙirin, ƙauri ya tashi, abin da ke ba katunan wuta ya ƙone don an ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Ya waiga wajen ta biyun, wadda da tana nan yadda take da ta fitar da shi kunya, ya tuna da hannunsa ya farke ta. Samarin ba su yi masa dariya ba, suka dai tsallaka titi ɗaya bayan ɗaya, kuma wannan ya fi dariya ciwo.

Can ya daure ya bi su, ko ba komai ya ga dodon da ya ci shi. Ya tarar da kati ɗaya tal a kwamfutar maƙwabcinsa, bai ma kai nasa ba, mota kuwa na shan kwana sumul.

"Maigida, ina katin mai ƙwaƙwalwa biyun?" ya tambaya.

"Wane kati?" in ji maƙwabcin. "Wallahi ni ma a bakin mutane na ji shi. Da na ji rurin fankokinka ɗazu, na ce shi ke nan, kai ka riga ni samu."

A tsallaken titi aka yi gasar bana, yana kallo daga ƙofar shagonsa. Saboda haka kafin ka cusa wa kwamfutarka kati na biyu don maganar da ba wanda ya ga tushenta, ka tuna abin da Hausawa suka ce: taura biyu ba ta taunuwa.