Tsagen Tumba

Na amsa laifina: shekara ashirin ina tsara mujallar waƙoƙin matasan Gobir, ban taɓa leƙa wasansu ba. Kiɗan yana sa mini ciwon kai.

Tun da doka ta sa injin ɗab'i yake goge tsage daga kowace fuska, mutanenmu suka daina saye. Da hoton mawaƙiya Tumba ya fito sumul a bangon mujallar, sai na ɗauki alƙalami na mayar mata da tsagen Gobirawa, kwafi ɗari uku, da hannuna.

Kafin la'asar an wawashe su. Tsofaffi har da hawaye.

Tumba ta zo ofis da kanta. "Baba, kai ne gwarzon?"

"Ni ne, 'yata."

Ta matso da kumatunta tana dariya. Ba a taɓa yi mata tsage ba.