A Dawo Mana da Dogo

Tun daga bakin ƙofa Mai Walda ya jiyo jitar, ya ciji leɓe. Mutum ne da ke wuni cikin ƙarar injin yankan ƙarfe bai taɓa toshe kunne ba, amma wannan sauti sai da ya kashe masa haƙora kamar ya tsotsi lemon tsami.

Wurin kiɗan tsohon sito ne a bayan tashar motoci, kuma duk Asabar da yamma masu son kiɗan rok ke cika shi. Mutane ne masu son hayaniya, sai dai ba kowace hayaniya suke karɓa ba. Suna son jita ta yi gurnani, ta yi nauyi a ƙirji, in an ja sauti ya daɗe yana shawagi kafin ya mutu. Haka Dogo ke kaɗa ta. Da kiɗan Dogo Mai Walda ya yi samartaka, da shi kuma ya rarrashi kansa lokacin da mahaifinsa ya rasu.

Bara Dogo ya kwanta jinya. Iyalinsa suka ce yana hutawa, ba ya son baƙi. Da ƙungiyar kiɗansu ta dawo, sai ga wani ƙaton mutum mai gashi har kafaɗa tsaye a gurbinsa. A ranar aka raɗa masa suna Buzuzu.

Waƙoƙin na Dogo ne, amma wayyo! Sautin ya zama siriri, yana kuka kamar zanzaro a cikin gwangwani. In ya hau sama sai ka ce ana jan ƙusa a kan kwano. In ya sauko, tsirkiya ta yi kakari ta shaƙe a tsakiyar hanya. Ga Buzuzu kuma da iyayi: wani sa'in hannunsa ya riga sautin tsayawa, yana girgiza gashi yana jiran tafi.

Abin da ya fi ƙona ran Mai Walda shi ne sauran 'yan ƙungiyar. Mai ganga ya rage gudu, kamar mai rakiyar tsoho. Mawaƙin kuwa, in lokacin jita ya zo, ko kallon Buzuzu ba ya yi, sai ya juya baya ya tsura wa labulen bayan dandamali ido. Kunya ce, in ji Mai Walda, kuma ta dace da shi.

A gida matarsa ta gaji da mita. "Maigida, kai da ko fito ba ka iya ba, yaushe ka zama alƙalin kiɗa?"

"Ba sai na iya dafa abinci zan san ya ƙone ba," ya ce, ya ture kwanon gabansa.

Wata Asabar ya ga matar Dogo zaune kusa da ƙofar baya, inda aka ɗora wani katako a kan matakala. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"Yaya, kina ji ana yi wa waƙar mijinki yankan rago, kin yi shiru?"

Ta dube shi. "Ƙanena, in ba ka so, ƙofa a buɗe take."

Wannan magana ta tsaya masa a wuya. To, in iyali sun sallama, shi bai sallama ba. Shi ya fara ihun daga tsakiyar taro, na kusa da shi suka karɓa, kafin wata ya ƙare duk sito ya iya shi. Da jitar ta ɗaga murya sai a danne ta: "A dawo mana da Dogo! A dawo mana da Dogo!" Duk sanda aka yi ihun sai sautin ya ƙara lalacewa, ya yi ta rawa yana tuntuɓe. Mai Walda ya ce alhaki ne ke bin Buzuzu.

Amma makonni suka shuɗe ba a cire shi ba. Mutane suka fara raguwa. Mai Walda ya ga in aka ci gaba a haka, yaran da ke tasowa za su ɗauka wannan kukan ƙofar shi ne kiɗan Dogo. Wannan kam ba zai gani da idonsa ba.

Ranar da abin ya kai maƙura, waƙar da ya fi ƙauna aka ɗauko, wadda ya yi makoki da ita. Jitar ta shigo, ta yi ƙoƙarin hawa, ta zame, ta sake ƙoƙari. Jini ya hau masa ka. Ya ture na gabansa, ya dafa dandamali ya haye. Mawaƙin ya tare shi yana cewa, "Don Allah, ɗan'uwa, kar ka yi!" Ya bangaje shi. Ya kama wayar da ke jikin jitar Buzuzu ya fizge da ƙarfinsa duka, ya ɗaga ta sama don kowa ya gani.

Taro ya ɗauki sowa. Can sowar ta fara mutuwa.

Buzuzu na tsaye hannuwansa a sake, waya na lilo a hannun Mai Walda, amma lasifika ba ta yi shiru ba. Sautin nan na nan, yana kakari, yana lallaɓawa zuwa ƙarshen waƙar.

Mai Walda ya bi wata waya da ido, ya ga ta shige ƙarƙashin labule. Ya taka a hankali, ya yaye shi.

Dogo ne zaune a keken marasa lafiya, kansa a sunkuye, jita a cinyarsa, shanyayyun yatsunsa na hagu suna karkarwa a kan tsirkiya, bai daina kaɗawa ba.