Tandar da ke Cikin Kwamfutar Lantana

Sallau, tsaya, kada ka danna. Tun ɗazu nake kallonka. Duk sanda ka zo rufe manhajar rubutun nan sai ɗan akwati ya fito yana ce maka an taɓa fayil ɗin asali, ko za a adana canjin, kai kuwa ka kore shi kamar ƙuda, ko karantawa ba ka yi. Ga ka sakataren ƙungiyar manoma guda, takardun jama'a duk a hannunka. Jawo kujera in ba ka misali da wata ɗalibata. Na daɗe ina koyar da buga rubutu, amma in ana lissafin waɗanda na yaye, da ita nake fara bugun ƙirji.

Lantana sunanta, tana da ɗan shagon buga takardu a bakin kasuwa. A garin akwai wata tsohuwar ungozoma, Inna Kuluwa, wadda rabin mutanen garin a hannunta suka faɗo duniya. Da ta ga idonta ya tafi, ƙarfi ma yana bin sa, sai ta ce tana so a rubuta abin da ta sani na goyon ciki da haihuwa da jego kafin ƙasa ta rufe mata ido. Ba ta da komai a rubuce. Da hantsi akan kawo ta shagon, ta zauna a tabarma tana faɗa daga ka, Lantana tana bugawa. Abin da ta faɗa jiya kuwa ba lallai ta sake tuno shi gobe ba. Ka ga ke nan ilimin tsohuwa kaf yana cikin kwamfutar nan, babu shi a ko'ina.

Aiki ya yi nisa sai ga irin wannan akwatin naka ya fara fitowa duk lokacin rufewa. Maƙwabcinta mai irin sana'arta ya leƙo ya ce, "Haba Lantana, tawa ma haka take yi. Danna ki wuce, kwamfuta ba ta rasa ƙorafi." Ita kuwa hankalinta bai kwanta ba, don ta lura duk sabon shafin da ta buɗe sai ya zo a karkace, haruffa sun canja girma ba da izininta ba. Ta gyara yau, gobe wani ya zo da irin ciwon. Nan ta tuna da mahaifiyarta mai sana'ar waina. In gurbin tanda ya tsage, duk wainar da ta fito daga cikinsa da tabo take fitowa, kuma ba wainar ake yi wa faɗa ba, tandar ake dubawa. Ta ce lallai ita ma wannan manhaja tana da tandarta, wato fayil ɗin asalin da ake zubo kowane sabon shafi daga cikinsa. Sai ta fara kwashe zallar maganar Inna Kuluwa ta ajiye a wuri mai tsabta. Sannan ta bi lungu-lungu har ta gano fayil ɗin. Ba ta goge shi ba, don ni ban koya wa kowa gaggawa ba. Suna kawai ta canja masa ta ture shi gefe, ta rufe manhajar ta sake buɗewa, manhajar ta ƙera wa kanta sabo fil.

Da wani ne, nan zai karkaɗe riga ya ce an gama. To, ba a jima ba akwatin ya dawo. Lantana ta ce ruwa ba ya tsami banza, in sabuwar tanda ta tsage tun ba a yi wani aiki da ita ba, akwai mai fasa ta. Ta zauna ta bi ƙananan manhajojin da ke liƙe da babbar, tana kashe su ɗaya bayan ɗaya tana gwada rufewa, har ta kama ɓarawon. Wata 'yar ƙwayar cutar kwamfuta ce, ɗan mugun abu da ya shigo ta filas ɗin wani mai kawo aiki, abin nan da ake soka wa kwamfuta a kwashi fayil, ya maƙale yana cin fayil ɗin asali, daga nan yana shiga duk takardar da aka buɗe. Ta fitar da shi, ta sake sabunta tandar, ta rufe. Shiru, babu akwati. Ta je ta gaya wa maƙwabcin nan, ya ce ya ji, bai kuwa taɓa komai ba. Kafin damina ta faɗi takardunsa suka ƙi buɗuwa gaba ɗaya, masu takardun suka yi masa cincirindo a ƙofa, har tausayi ya ba ni.

Littafin Inna Kuluwa kuwa ya fito cif, ko layi bai ɓace ba. Ina wurin ranar da aka sa mata shi a hannu. Ba ta gani, sai ta dinga shafa shi tana juya shi kamar jaririn da ta karɓa, ta ce, "Alhamdu lillahi, yanzu ko yau aka kira ni na shirya." Ba ta kai lokacin kaka ba ta rasu, Allah ya jiƙanta. Amma har gobe matan da ke karɓar haihuwa a garin da littafin nan suke aiki. A ranar Lantana ta nuna ni a gaban jama'a ta ce ga malamata, wallahi kaina ya yi girman da ɗankwali ya kusa kasa riƙe shi, kuma ban ji kunyar hakan ba.

To ga akwatinka nan har yanzu yana jiranka, Sallau. Sa tabarau ka karanta abin da yake faɗa maka. Masu iya magana ba su yi ƙarya ba da suka ce, in kunne ya ji, jiki ya tsira.