Agwagin da Ba Sa Cin Shinkafa

Shekara tara ke nan rabon da tsuntsayen ƙetare su sauka a fadamar garinsu Tabawa. Sai hukuma ta ƙera na roba masu inji, ana sakinsu duk sanyi don kada ruwan ya yi shiru.

Da hantsi tsohuwa Tabawa ta dogara sanda zuwa bakin ruwa, shinkafa ƙulle a gefen zanenta. Ilu, ɗan wanta, shi ke kula da agwagin roban.

"Gwaggo, bana kala arba'in muka saki," in ji shi.

Ta watsa shinkafar. Agwagin suka wuce ta kai suna kuka mai daɗi, ko ɗaya bai sunkuya ba.

Ta ciro gwangwanin da ta shekara hamsin tana korar tsuntsaye da shi daga gonarta, ta kaɗa iya ƙarfinta. Ba wanda ya tashi.

"Waɗannan ba sa ɓarna, Gwaggo."

Ta daɗe tana kallon shinkafar tana nutsewa.

"A da, kullum sai na ce wa na gasken su tafi, kada Allah ya dawo da su," ta ce a hankali. "Wallahi, Ilu, ban san suna ji ba."