Ramin Gafiya a Jikin Jinga

Buhu takwas na shinkafa aka sauke a ƙofar Nasiru, kamar kowace kaka, shi kuwa ko sannu bai yi wa 'yan dakon ba. Ƙaninsa Zaharaddini ne ya aiko. Wato dai a nuna masa wa ke da gona, wa ke jiran sadaka.

Nasiru ɗan fari ne, kuma duk unguwar Limancin Kona an san mahaifinsu Malam Inuwa da alkunya. Shekara arba'in bai taɓa kama sunansa ba, "wancan" yake ce masa. Zaharaddini kuwa kullum yana gefen buzun tsohon, suna ƙus-ƙus, da Nasiru ya yi sallama sai a yi tsit.

Abin da ya fi ci masa rai gonar ƙauye ce. Fadama ce da ambaliya ke sharewa duk damina, har Malam ya kira gayya, aka tayar da jingar jar ƙasa ta tare rafin, mutane suka sa mata suna dam. Tun daga nan wurin ya zama abin kallo, ga shinkafa, ga rake. Ƙaramin ake turawa ya kula da ita. Babban, ko iyakarta ba a taɓa nuna masa ba. Kishi ya ci shi ya cinye.

Da damina ta zagayo, wata Laraba, Shehu mai tsaron dam ɗin ya shigo ta Ƙofar Gayan a babur, laka har gwiwa. Malam na kwance a asibiti, Zaharaddini na jinyarsa. Nasiru kaɗai Shehu ya tarar a zaure.

"Ranka ya daɗe, gara ma da kai na samu. Gafiya ta huda jinga wuri uku, ruwa ya fara tsattsafowa. A turo mutane da buhunan yashi kafin Juma'a."

"Zan faɗa musu," in ji Nasiru.

Da la'asar ya kai musu lemo asibiti, ya yi wa Malam ya jiki, ya dawo da maganarsa a ciki. Ranar har ƙarin tuwo ya nema.

Asabar da hantsi jingar ta ɓalle. Ba a rasa rai ba, amma ko kara ɗaya bai tsira ba, yashi ya binne fadamar kaf.

Nasiru ya sa babbar riga ya tafi jaje, don dai ya ga fuskar ɗan lelen. A bakin ƙofar ɗakin ya tsaya. Zaharaddini na durƙushe gaban gado, ya gama ba da labari, hawaye na bin gemun tsohon.

"Kai wahalarka Allah zai biya ka," in ji Malam. "Ni da wane ido zan dubi wancan? Shekara goma sha biyar ina hana ka faɗa masa gonarsa ce."