Baƙar Ƙasar Fadamar Asabe

Da hantsi Asabe ta tarar an sake yanke gaɓar fadamarta da shebur. Ga sawun jaki ya miƙe hanyar Sunke.

Masu zama a gaɓar ne damuwarta. Wani gizo-gizo ne da ba ya saƙa, da ƙafa yake farauta, uwar kuma a baya take goya 'ya'yanta. Su ke cinye ƙwarin shinkafarta, shi ya sa ba ta taɓa feshi ba. Sauran fadamu kuwa, tun da aka fara wankin dutsen zinari a cikinsu, ko ɗaya ba ka gani. Nata kaɗai suka rage. In suka ƙare, shinkafa ta ƙare.

Ta san mai aikin. Ubaidullah ne, wani baƙo cikin masu haƙar zinari. Kwanan baya ya zo ya durƙusa zai gaishe ta, ta ɗaga galma.

"Tashi ka ba ni wuri. Ba ni magana da masu kashe ɗiyan mutane."

"Inna, saƙo ne..."

"Ban haihe ka ba."

Kuma tana da hujja. Jikarta Muhsina ba ta daɗe da dawowa daga asibiti ba, gubar dalma daga dutsen zinari ta kusa tafiya da ita. Ko dubiya Asabe ba ta samu zuwa ba, tana tsaron gona.

Ta kwashi matattun gizo-gizo a ƙoƙo, har da masu jakar ƙwai, ta dire gaban mai gari. Aka yi dariya. Sai ta ce yau ƙasa Ubaidullah yake ɗiba, gobe dutse zai wanke a ruwan da yaransu ke sha. Dariya ta ɗauke.

Samari suka tare shi a gaɓa. Suka yaga mangalar jakinsa, suka fasa masa baki, suka raka shi da jifa har bayan gari. Mai gari ya ce kada a sake ganin ƙafarsa. Asabe na tsaye, ba ta ce a bari ba.

Hankalinta ya kwanta, ta ɗaura mayafi ta tafi Sunke gidan 'yarta Sahura.

Ta tarar da rabin tsakar gidan an shimfiɗe shi da baƙar ƙasa mai danshi, an daɓe. Ɗaya rabin tsohuwar jar ƙasa ce, an kange da kara. Muhsina na rarrafe tana neman ta ƙetare, Sahura ta fizgo ta.

"Likita ya ce jar ƙasar ga ita ta ba ta guba, sai an ruhe ta duka da mai tsabta. Ƙasar fadamarki kaɗai na yarda da ita." Sahura ta leƙa ƙofa. "Inna, ba ki ga Ubaidullah ba? Ni na aike shi gare ki, har yanzu bai kawo sauran ba."